Tawadar da Rajista Ya Wanke

Idan ka shigo layin da safe, kafin idonka ya ga shagon kunnenka zai ji shi. Tsss, dutsen guga ya sauka a kan yadi mai laima. Ƙwal, an ajiye shi a kan ƙarfe. Sai tari guda ɗaya, gajere, na mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana shaƙar tururi. Wannan shi ne Rajista, mai wanki da guga.

Mutanen layin ne suka liƙa masa sunan, saboda tun da ya buɗe shagon bai taɓa rubuta komai ba. Ba tikiti, ba lamba, ba littafi, kansa ne rajistar. Ka kawo kaya goma sha biyu a ƙulle cikin zanin gado, ya zazzage su a tebur, ya ɗaga kowanne sau ɗaya ya duba, ya ce, "Alhamis." Ran Alhamis ka dawo, ko da rigunan da ke rataye sun kai ɗari, hannunsa zai tafi kai tsaye kamar an aike shi, ya zaro naka goma sha biyu cif, ya miƙo maka har da 'yar takardar da ka manta a aljihun wando.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, Rajista bai san sunan kowa ba. Tabo ya sani. Kowa da yadda yake ɓata kayansa, in ji shi. Direban bas kullum da baƙin mai a gwiwar wandonsa ta dama. Mai shagon magani kwalar rigarsa ke cinyewa ta hagu, don yana kwantar da kai idan yana waya. Matar nan mai tagwaye kafaɗunta biyu duk madara. Malamin lissafi kuwa biro ke masa aman tawada a aljihun gaba. A cikin ransa sunayensu ke nan: Mai Gwiwa, Mai Kwala, Mai Madara, Mai Tawada. A baki kowa "ranka ya daɗe" ne ko "ranki ya daɗe", ba wanda ya taɓa lura. Tabon zai fita a ruwa, don ba a taɓa kawo masa wanda ya gagare shi ba, amma ba ya fita a kansa. Riga ta yi fari fat, shi yana kallonta yana ganin inda tabon yake a da.

Da haka ya ciyar da gida, ya yi jinyar matarsa har ta rasu, ya kai 'yarsa tilo makaranta har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Tsufa kuwa ba ya sallama. Abin ya fara da wando. Ya ba mai shagon magani wandon direba, mutumin ya dawo yana riƙe da ƙugun da hannu biyu. Mai askin da ke jikin shagon, abokin zolayarsa na shekara ashirin, ya leƙo da almakashi a hannu.

"Rajista, yau shafi ya yage ne?"

"Kai dai ka ji da kan mutane. Jiya na ga wanda ka aske, kamar akuya ta yi kiwo a kansa."

Aka yi dariya, aka wuce. Bayan sati biyu siket ya tafi gidan da ba nasa ba. Wannan karon dariyar ba ta yi tsawo ba. Akwai kuma wanda ba wanda ya gani: wata rana da hantsi ya tsinci kansa tsaye, riga a hannu, bai san ko zai goge ta ba ne ko ya riga ya goge. Sai da ya kai yadin kuncinsa ya ji da ɗumi.

'Yar tana zuwa duk ran Asabar, ta kawo masa maganin hawan jini, ta share masa shago yana hana ta. Asabar ɗin da ta biyo baya ba ta ɗauki tsintsiya ba. Ta zauna a kan benci, ta ɗora jaka a cinya.

"Baba, labarin siket ya iso ni."

"Wa ya kai miki? Wancan mai bakin reza?"

"Ba ruwan wanda ya kai. Ɗakin baya yana nan, mun yi masa fenti. Taga biyu gare shi. Jikokinka kullum sai sun tambaye ni yaushe Kaka zai zo."

"In zo in yi me, Uwata? In ƙirga tagogi?"

"To ka riƙa maƙala lamba a jikin kaya, kamar yadda kowa ke yi."

"Riga ba fursuna ba ce."

"Littafi fa?"

Ya ajiye dutsen, ƙwal. Littafi ai shela ce. Ranar da aka ga Rajista da littafi a tebur, ranar layin nan gaba ɗaya zai san an gama. Bai faɗa mata haka ba. Cewa ya yi tururi zai jiƙa takardar.

Ta daɗe tana kallon hannuwansa, masu tabon ƙuna kamar an yayyafa musu. Sannan ta yi magana da irin muryar da take yi wa marasa lafiya.

"Baba, ba na so in ga ranar da wani zai tsaya a ƙofar nan ya zage ka a kan tsumma. Mu yi alkawari. Idan kaya ya sake ɓata, ko da hankici ne, ka ba ni makulli."

"Ko da hankici?"

"Ko da hankici."

Ya ce ya yarda, don ƙin yarda ma amsa laifi ne.

Mai aski ne ya kawo maganar na'urar. Wani ma'aikacin inshora da yake yi wa aski yana da ita: 'yar kwamfuta ce ta aljihu, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, da ɗan tsinken roba da ake taɓa fuskarta da shi. Ka rubuta mata abu, ka ba ta rana da lokaci, in lokacin ya yi ta yi ƙara.

"Tit-tit, tit-tit," in ji mai aski, yana kwaikwayonta da almakashi. "Mutumin nan ko ranar haihuwar surukarsa ba ya mantawa. Ka ga masifa."

"Ni me zan yi da ita?"

"Kai ba ka gane ba. Littafi na tsoho ne da kansa ya fara yoyo. Wannan kuwa ta manyan mutane ce. Ka zaro ta a gaban kwastoma, ka ɗan taɓa, ka ce Alhamis. Wa zai ce mantuwa ce? Cewa za a yi Rajista ya waye."

Rajista ya ce shirme ne. Amma maganar ta kwana a ransa, ta tashi da shi. Sati guda yana juya ta. Yana da 'yan kuɗin da ya daɗe yana tarawa don sayen injin wanki, ko bayansa ya huta da sunkuyo. Injin zai ceci baya. Na'urar wataƙila ta ceci shago. Mutum kuwa ba shi da abin yi da lafiyayyen baya a ɗaki mai taga biyu.

Shagon na'urorin yana kan babban titi, da sanyin da ya sa shi tari tun daga ƙofa. Mai shagon ya fito da ita daga akwatin gilashi, ya shimfiɗa ta a kan ɗan kyalle kamar jaririya.

"Baba, wannan tana ɗaukar sunaye dubu. Ga kalanda, ga wurin rubutu, ga ƙararrawa."

"Ni tambayata ɗaya ce. Tana mantuwa?"

"Har abada. Sai dai in batir ya mutu ka ƙyale ta."

"In na faɗa mata abu yau, shekara mai zuwa?"

"Yana nan yadda ka faɗa. Ba ta ƙari, ba ta ragi."

"To ta cancanci kuɗin nan kuwa? Faɗa mini tsakaninka da Allah, kamar ubanka ne ke tambaya."

Mai shagon ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Baba, ya danganta da mai ita. Wani ta zame masa hannun dama. Wani bayan wata guda tana cikin durowa. Ubana dai da littafi zan saya masa."

"Ubanka ba Rajista ba ne. Naɗe mini."

Mutumin ya nuna masa yadda ake yi, sau uku: nan za ka sa sunan mai kaya, nan abin da ya kawo, nan rana. Rajista yana gyaɗa kai. Bai ce masa bai san sunan kowa ba. Ta yaya za ka dubi mutumin da ka shekara goma kana wanke masa kamfai ka ce, ranka ya daɗe, wai me sunanka?

Saboda haka ya cika ta da abin da ya sani. Tsinken ya yi wa yatsunsa ƙanƙanta, yana riƙe shi kamar mai cire ƙaya, harshe a waje, harafi ɗaya bayan ɗaya. Mai Gwiwa, wando biyu, Talata. Mai Madara, riga uku, Laraba. Ya yi mata wuri a kan kanta, nesa da tururi, cikin wata tsohuwar safa mai tsabta.

Kuma abin ya yi aiki. Tit-tit, ya duba, ya zaro kaya, ya naɗe kafin mai su ya iso. Mutane suka fara tsayawa kallo. Direba ya ce, "Kai, Rajista ya zama ofis!" Mai aski ya riƙa shigowa yana cewa a tambayar masa ita ko matarsa za ta huce yau. Ran Asabar 'yar ta karɓa ta duba, ta yi ta dariya har da hawaye.

"Baba! Mai Kwala? Mai Zufa? Wannan bawan Allah ya san haka kake kiransa?"

"In ya sani zai rage zufar?"

Ta miƙa masa, ta ɗauki tsintsiya. A sati ukun farko ba wanda ya ga ramin da ke gabansu, ba ita ba, ba mai aski ba, ba shi kansa ba. Na'urar tana faɗin tabo ne kawai. Mai haɗa tabon da rigar da aka riga aka wanke, har yanzu kan nan ne da ke yoyo. Wando da siket da zanin gado ba su cika kama da juna ba, shi ya sa asiri ya rufu.

Ran wata Litinin malamin lissafi ya shigo da riga ɗaya tak a leda. Fara ce, mai dogon hannu, aljihun ya sha shuɗiyar tawada har ta gangaro.

"Baba, ka ga abin da biro ya yi mini. Ran Alhamis da tara zan zauna gaban kwamiti, ana neman mataimakin shugaban makaranta. Shekara shida ina jira. Ita ce rigar kirkin da nake da ita. Za ta fita?"

Rajista ya ɗaga ta a haske, ya yi ɗan murmushi. "Ranka ya daɗe, tawada ai ƙanwata ce. Alhamis da takwas."

Ya zaro na'ura daga safa: Mai Tawada, farar riga, Alhamis, takwas.

Da yamma kuma mai kula da wani gidan abinci ya kawo fararen riguna shida na masu kai abinci tebur, duk masu dogon hannu, duk da ɗigon mai a ƙirji. Mai Maiƙo, farare shida, Laraba, huɗu.

Ran Talata Rajista ya yi aikin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Ya shimfiɗa aljihun a kan farin tsumma, ya ɗiga lemun tsami, ya barbaɗa gishiri, yana dannawa ba ya gogawa, yana canza tsumman duk lokacin da ya sha shuɗi. Ya jiƙa, ya ɗauraye, ya sake. Har azahar yana kai. Da ya ɗaga rigar a rana, ko mai neman rigima ba zai nuna inda tawada ta taɓa zama ba. Ya kira mai aski ya gani.

"Ina tabon?"

"Wane tabo?"

"To ka gani."

Ya wanke sauran shidan, ya sa wa duka bakwai sitati, ya goge, ya rataye su a jere. Suka yi kyau kamar 'yan uwa.

Ran Laraba da huɗu, tit-tit. Mai Maiƙo, farare shida. Mutumin gidan abinci na tsaye a ƙofa, babur ɗinsa na ruri. Rajista ya juya ga sandar rataye, ya miƙa hannu.

Hannun ya tsaya a iska.

Bakwai ne. Shida na wannan, ɗaya ta Mai Tawada. Ya duba na'ura. Ya duba rigunan. Ya kama aljihun ta farko, fari. Ta biyu, fari. Ya bi su duka, ya dawo, ya sake bi. Da can zai rufe ido ne kawai, tabon ya fito masa a kan yadin kamar yanzu aka zuba. Ya rufe ido. Ba komai, sai fari.

Ya kai su hanci ɗaya bayan ɗaya, ko lemun tsami ya bar ƙamshi. Sitati kawai. Shi da kansa ya ɗauraye har sau huɗu.

"Baba, lafiya? Ƙarfe biyar muke buɗewa."

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Ya sake taɓa fuskar na'urar da tsinke, kamar in ya matsa mata za ta ƙara wani abu. Mai Tawada, farar riga. Ba ƙari, ba ragi, yadda mai shagon ya yi alkawari. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba. Ya bar rigar da ke tsakiya, don a ransa ya ji kamar ita ce ta malamin, ya naɗe shida, babur ya tafi.

Alhamis da takwas saura ya buɗe shago, bai kunna dutse ba. Tit-tit. Wani mutum ya shigo da sauri, sanye da tsohuwar rigar wasanni, takardu a hammata, an yi masa sabon aski.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Kawowa za a yi ko karɓa?"

Mutumin ya yi dariya, ya ga Rajista bai yi ba, dariyar ta tsaya.

"Baba, ni ne fa. Rigar tawada."

"Sosai, sosai. Wasa nake maka."

Ba wasa ba ne. Fuskar nan ya shekara goma sha ɗaya yana ganinta, amma bai taɓa kallonta ba. Aljihu yake kallo.

Malamin ya shiga bayan labule ya saka. Sannan ya fito. Hannun rigar ya tsaya nesa da wuyan hannunsa, maɓallin wuya ya ƙi haɗuwa, na ciki suna neman tsinkewa.

"Wannan ba tawa ba ce." A hankali ya faɗa. "Tawa maɓallin ƙasa matata ce ta ɗinka, da zare mai ruwan toka. Kai ne ma ka taɓa yi mini tsiya a kai, ka ce ta ji tsoron Allah ta sayi farin zare."

Rajista ya ce a jira, zai je gidan abincin yanzu. Malamin ya duba agogo. Ba sa buɗewa sai yamma, kuma motar da zai hau ba ta jira. Mai aski ya leƙo, ya ga abin da ake ciki. Ya koma ya ɗauko tasa rigar da ke rataye a ƙusa, mai zanen furanni, ya miƙa. Malamin ya dube ta, ya girgiza kai.

Ya cire farar, ya mayar da ita kan hanga da kansa, ya gyara mata kwala. Ya sake saka rigar wasanninsa.

"Ba komai, Baba. Ai lissafi za su tambaya, ba riga ba."

Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Rajista ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana, yana ta jan gefen rigar ƙasa ko za ta yi kama da ta zuwa gaban kwamiti.

Da yamma Rajista ya je ya karɓo rigar. Wani mai kai abinci ya riga ya kwana da ita a wurin aiki, ga sabon ɗigon mai a ƙirji, ga maɓallin mai zaren toka a ƙasa. Ya wanke, ya goge, ya ba mai aski ya ajiye. Matar malamin ce ta zo karɓa. Ba ta ce an samu ba, ba ta ce ba a samu ba, ba wanda kuma ya iya tambaya.

Mai aski ya rantse ba zai faɗa wa 'yar ba. "Ai ba ta ɓata ba, an gano ta. Alkawarinku ɓata ne. Ka fara tambayar sunaye kawai, shi ke nan. Ka sa suna, ka sa lamba."

"In sa suna, in ya shigo in san shi ne da me?"

Mai aski ya koma shagonsa.

Ran Asabar 'yar ta iso da magani, ta tarar sandar rataye wayam, an sallami kayan kowa, dutsen guga a sanyaye an naɗe masa waya. Makulli na kan tebur.

"Baba, me ya faru? Ni ban ji komai ba."

"Ba za ki ji ba. Ɗauki, Uwata. Kin ce taga nawa?"

Yanzu shagon wani ne ke sayar da katin waya a ciki. Rajista na ɗakin baya. Yana goge wa jikokinsa kayan makaranta, har da waɗanda aka riga aka goge, ba wanda ke hana shi. Mai aski na zuwa wata-wata da almakashinsa, ya yi masa aski a tsakar gida, ya ba shi labarin layi. Wata rana Rajista na gane shi tun daga ƙofa. Wata rana sai ya ga gashin da ya maƙale a gaban rigarsa tukuna.

A zuwansa na baya-bayan nan, ran wata Alhamis da safe, yana cikin aski ya ce, "Ni ma fa kwanan nan sai in ajiye reza in yi ta nema, tana hannuna. Wai in sayi irin 'yar na'urar nan taka? Tsakani da Allah, ta ci kuɗinta?"

Rajista ya gyara tawul ɗin da ke wuyansa.

"Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba," ya ce. "Duk abin da na ba ta yana nan. Sai dai ajiya ta iya, ba ta san kowa ba. In kana da wanda zai karɓi ajiyar, saya."

Daga cikin ɗaki, cikin safa, ƙarar ta taso. Tit-tit, tit-tit. Ranar da ya rubuta aikin Mai Tawada, tsinken ya zame ya taɓa wurin maimaitawa, duk Alhamis da takwas sai ta yi. 'Yar ta sha cewa za ta kashe, ya hana.

Ya miƙe da tawul a wuya, rabin kai a aske, ya shiga ya ɗauko, ya karanta yana motsa leɓe. Sannan ya ɗago ya dubi mai aski, ya dubi aljihun rigarsa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "kai ne Mai Tawada?"